Tsirkiyar Tsakiya

Shekara ashirin da biyu ke nan Darmaji yana auren 'yar Pak Wiryono, kuma a duk tsawon shekarun nan tsohon bai taɓa kiransa da sunansa ba. "Mai biyola" yake ce masa, saboda gogen Turawan da yake kaɗawa. Ranar ɗaurin aure mai biyola ne, ranar da aka haifi jikan fari mai biyola ne. Har ranar da ɓarin jikin tsohon ya shanye ya faɗi a tsakar gida, Darmaji ya goya shi da gudu zuwa bakin titi, abin da ya fito daga karkataccen bakinsa shi ne, "Mai biyola, yi a hankali, ba buhun shinkafa ka ɗauko ba." Kada a ɗauki alhakin tsoho, ba ƙiyayya ba ce. Shi dai yabo nauyi yake yi masa a baki. In Darmaji ya goga biyola har matan unguwa suka share hawaye da gefen mayafi, Pak Wiryono sai ya ce, "Ba laifi." Abin yana ci wa Darmaji rai, ya kuwa daɗe yana ci, sai dai bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko matarsa Wartini.

Pak Wiryono shi ya kafa ƙungiyar kiɗan keroncong ta unguwarmu, nan birnin Solo, tun Darmaji yana yawo ba wando. Shekara hamsin da wani abu yana riƙe da selo, ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa, wanda mu a keroncong ba ma sa masa baka, da babban yatsa da manuni ake tsinkarsa har ya riƙa magana kamar ganga. Tun da ciwon ya same shi shekara biyu da suka wuce, hannunsa na hagu yana kwance a cinya ba ya motsi, selo kuma yana jingine a lungu cikin rigarsa. Gwaji dai ba a fasa yi a barandarsa ba, kowace Lahadi bayan la'asar, amma shi can ƙarshe yake zama kusa da kejin kurciyarsa, idonsa a rufe.

Wata Lahadi, ana tsakiyar shan shayi da soyayyar ayaba, sai ya zaro takarda daga aljihu.

"Na rubuta waƙa," in ji shi.

Kowa ya tsaya da tauna. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kaɗa waƙoƙin wasu yana kushe su, yau shi ne ya rubuta tasa. Ya ce ta bikin cikarsu shekara hamsin da aure ce, shi da matarsa Bu Sumirah, saura mako uku, kuma kada wanda ya kuskura ya faɗa mata. Sannan ya miƙa takardar wajen surukinsa.

"Buɗewar taka ce, mai biyola. Kai kaɗai, ba mai taya ka. Yadda na rubuta nake so, kada ka yi mini ado."

Wannan ne karon farko da tsohon ya taɓa neman wani abu a wurinsa. Darmaji ya sa hannu biyu ya karɓa, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Pak," wato baba. Ko kallon takardar bai yi ba. Wa zai tsaya jujjuya takarda a gaban surukinsa kamar mai sayen kifi? Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya hau babur ya koma gida yana ta murmushi shi kaɗai, har wani mai keke ya zaci da shi yake ya ɗaga masa hannu.

Sai da ya shimfiɗa takardar a kan teburin da yake gyaran kekunan ɗinki, don sana'arsa ke nan, murmushin ya gudu. Da lambobi aka rubuta waƙar, yadda dukanmu muke rubutawa, kuma wallahi waƙa ce mai kyau. Amma a farkon layi tsohon ya ɗora lamba a kan lamba: shida mai ɗigo a ƙasa, uku mai ɗigo a sama, ya ja musu dogon layi na bugu takwas. Wato sauti biyu a tare, ɗaya can ƙasa, ɗaya can sama, a riƙe su ba yankewa.

To ga matsalar. Biyola tsirkiya huɗu gare ta, jakin da suke hawa kuwa, ɗan katakon nan da ke tokare su, doro gare shi. Baka miƙaƙƙe ne. Yana iya goga tsirkiya biyu a lokaci guda in suna maƙwabtaka, wannan kowane ɗan koyo ya sani. Amma sautin ƙasan da tsoho ya rubuta ba shi da gida sai a kan tsirkiyar farko, mai kauri, can kusa da wuya. Na saman kuma yana kan ta uku, ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Ta biyu tana tsakaninsu ta fi su tudu, duk yadda ka kwantar da baka ita za ka fara tararwa. E, ana samun sautin saman a kan ta biyun ma, amma can nesa wajen cikin biyola, inda hannun da ke riƙe da na ƙasa ba zai kai ba sai in hannun biri ne.

Ga mai selo wannan ba komai ba ne. Babban yatsa ya tsinki wannan tsirkiya, manuni ya tsallake ya tsinki waccan, ta tsakiya tana zaune lafiya ba wanda ya taɓa ta. Da hannunsa tsohon ya yi tunani, hannunsa kuwa bai taɓa riƙe baka ba.

Darmaji ya shafa wa izgar bakansa ƙaro, ya gwada dannawa da ƙarfi. Duk ukun suka yi kuka tare kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya sassauta izgar ya sake gwadawa, abin ya fi muni. Kwana uku yana wannan aiki, kekunan ɗinkin mutane suna jere suna jiransa.

A rana ta huɗu ya tafi wurin Kasmuri, mai sarewar ƙungiya, wanzamin da ke da rumfa a bakin kasuwa, abokinsa tun na ƙuruciya kuma mutumin da bai taɓa barin zolaya ta wuce shi ba. Kasmuri ya karanta takardar, ya yi dariya har ya ajiye almakashi.

"Ka je ka ce masa ya yi kuskure mana, Dar."

"Kai za ka iya?"

Kasmuri ya sosa ƙeya. "Ni ba 'yarsa nake aure ba, amma gaskiya ni ma ba zan iya ba."

Ai kuwa. A wurinmu ba a kallon idon dattijo a ce masa ya yi kuskure, balle suruki, balle mutumin da ciwo ya ƙwace wa hannu, takardar nan ita kaɗai ta rage masa a harkar kiɗa.

"To cire tsirkiyar tsakiyar gaba ɗaya," in ji Kasmuri. "Wa zai ƙirga?"

"Ka duba layin da ke biye. Ana sakin sauti biyun nan, waƙar a kan wannan tsirkiyar take gangarowa. Sai in ce wa jama'a su ci shinkafa su jira ni in ɗaura?"

"A fere jakin ya zama shimfiɗaɗɗe."

"Sai duk abin da na goga uku su amsa."

"Kai dai ba a iya maka." Kasmuri ya waiga hagu da dama, ya rage murya kamar mai shirin sata. "Ka riƙe na ƙasa. Ni zan ɓuya bayan mai jita in busa na sama, siriri kamar zare. Tsoho idonsa a rufe yake. Shekararsa saba'in da shida, kunne ma ai yana tsufa."

Darmaji ya san wannan ba daidai ba ne. Ya sani sarai. Amma wanda ya kwana uku yana sa kyanwa kuka a kafaɗarsa, ba ya tsayawa dogon tunani.

Ranar Lahadi aka taru. Bu Sumirah ta tafi gidan 'yar'uwarta, saboda haka aka samu damar gwada sabuwar waƙa. Kasmuri ya lallaɓa bayan mai jita, ya juya baya kamar yana goge sarewa. Darmaji ya ja baka a kan tsirkiyar farko, Kasmuri ya saki wani siririn sauti daga sama. In gaskiya za a faɗa, ya yi daɗi. Bugu takwas suka wuce, Darmaji ya gangaro da sauran buɗewar, ya tsaya yana jira.

Tsohon bai ko buɗe ido ba.

"Kasmuri, sarewarka yoyo take yi?"

"A'a, Pak."

"To na ji iska tana fita. Ka kai ta gyara."

Mai jita ya cusa ayaba a baki don kada dariya ta kuɓuce masa. Kasmuri ya dawo kujerarsa yana kallon ƙafafunsa. Da a nan maganar ta tsaya da sauƙi. Amma tsohon ya buɗe ido, ya dubi surukinsa, kuma babu faɗa a muryarsa, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Mai biyola, in waƙar ce ba ta yi maka ba, ka faɗa. Waƙar tsoho ce, na sani."

"Ba haka ba ne, Pak."

"To."

Ya mayar da ido ya rufe. Darmaji ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yanzu tsohon gani yake an raina masa waƙa, an raina ta har an ba wa wanzami rabi ya taya ɗauka. Saura mako biyu, kuma duk hanyar da Darmaji ya duba kunya ce a ƙarshenta: ko ya ce wa surukinsa ya yi kuskure, ko ya bar shi yana zaton ba a darajanta shi ba.

Ya koma kan biyola kamar mai neman faɗa da ita. Ranar Alhamis da rana, Wartini ta fito daga madafi hannunta duk gari, ta tsaya a kansa.

"Mas," in ji ta, don haka mata ke kiran maigida a wurinmu, "kajin maƙwabta sun daina ƙwai. Me biyolar nan ta yi maka?"

Bai yi niyyar faɗa ba, amma ya gaji. Ya nuna mata takardar, ya nuna mata jakin da doronsa, ya nuna mata tsirkiyar da ke tsaye a hanya. Wartini ba ta san kiɗa ba, ita da aka haifa a cikinsa, ta ce tun tana ƙarama ya ishe ta. Ta sunkuya ta duba kamar mai duba tsakuwa a shinkafa.

"Wannan ce mai taurin kan? To a danne ta mana."

"Da wane yatsa, Tini? Hannuna yana can wuya. In na danne ta a can ba ta sauka yadda baka zai wuce. Duba ki gani."

Ya ɗora baka don ya nuna mata yadda abin ba ya yiwuwa. Ita kuwa ba ta jira ba, ta kai yatsanta mai gari can ƙarshen baƙin katakon da ake danne tsirkiyoyi a kai, dab da inda baka ke wucewa, ta danne ta tsakiyar har ta kwanta. Darmaji ya ja.

Sauti biyu suka fito. Na ƙasa mai kauri, na sama siriri, tas, babu na uku a tsakaninsu. Tsirkiyar da ta hana shi sukuni kwana goma sha ɗaya ta nutse ƙarƙashin baka, izgar ta wuce ta kanta ba ta taɓa ta ba.

"Tini, kada ki motsa."

"Mai na kan wuta."

"Bar shi ya ƙone."

Ya sake ja, ya sake ja. Ya yi dariya har hawaye suka zubo masa a kan biyolar. Ya ce shi ke nan, ranar biki za ta tsaya kusa da shi ta danna, bugu takwas kawai, ta ɗaga.

Wartini ta zare yatsanta tana yarfe shi. "Ni? Da shinkafar mutum ɗari uku a kaina? Ka ma bar wannan. In na tsaya a gaban jama'a ina danna maka tsirkiya, babana zai gane waƙarsa sai da aka yi mata faci, kuma a gaban mutane zai gane. Gara ya ji daga bakinka a gida." Ta dubi yatsan, tsirkiyar ta bar masa jan layi. "Shekara ashirin da biyu kana ce masa to, Mas. Je ka gwada wata kalmar ka gani ko za ka mutu. Kuma abin nan yanka yake yi, wannan aikin mai kanta a yatsa ne."

Ta ruga madafi, don man ya fara hayaƙi. Darmaji ya zauna da biyola a cinya, maganarta ta ƙarshe tana yi masa yawo a ka. Mai kanta a yatsa. A duk Solo ya san manuni ɗaya da kantarsa ta kai ƙahon saniya tauri, kuma ciwo bai taɓa wannan hannun ba.

Washegari da hantsi ya sayi wainar shinkafa mai madarar kwakwa, ya rataya biyola ya tafi. Ya yi sa'a Bu Sumirah ta tafi kasuwa. Tsohon yana baranda yana kaɗa wa kurciyarsa yatsu don ta yi kuka. Darmaji ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya tambayi ƙafa, ya yabi kurciya, ya yi maganar ruwan da aka yi shekaranjiya, ya koma kan kurciya. Shayinsa ya huce. Tsohon ya cinye waina biyu yana kallonsa.

"Mai biyola, kurciyar nan ba ta sayarwa ba ce. Me ya kawo ka?"

Gaban Darmaji yana faɗuwa fiye da ranar da ya zo neman aure a wannan barandar.

"Pak, haƙuri na zo bayarwa. Sauti biyun nan na farko, ba sa fita tare a biyola."

"Ba sa fita, ko ba ka iya ba?"

"Ba sa fita, Pak. Ko wa aka ba."

Ya buɗe akwati ya ɗora masa biyolar a cinya. Ya nuna masa inda na ƙasa yake, inda na sama yake, ya kwantar da baka ya nuna masa yadda ta tsakiya ke tare hanya. Tsohon ya bi doron jakin da yatsa, a hankali, sau biyu.

"Ashe kuskure na yi."

Bakin Darmaji ya buɗe da kansa zai ce a'a, don abin da ya saba ke nan. Ya kama shi da ƙyar.

"E, Pak."

Kurciya ta yi kuka, ba wanda ya kula ta.

"Yaushe ka sani?"

"Tun ranar da ka ba ni."

"Kuma ka bar ni kusan mako biyu ina zaton waƙar ce ba ta kai ba. Har ka ɗauko mini wanzami."

"Kunya na ji, Pak."

"Kunya." Tsohon ya girgiza kai. Ya dubi ƙofar gida don ya tabbata matarsa ba ta dawo ba. "Ka san daga ina na samo su? Shekara hamsin da ɗaya ke nan. Wani biki, aka kawo mana sabuwar mawaƙiya, yarinya mai kafirin ido. Na tsinka mata shida ta ƙasa don ta kama murya. Maimakon ta kama inda ya dace, sai ta haye uku ta sama, ta riƙe, bugu takwas, tana harara ta kamar ni ne na ɓata. Dole duk muka bi ta. Ban taɓa jin kuskure mai daɗi irin wannan ba, kuma har yau ban faɗa mata ita ce ta yi shi ba. Shi ya sa ba na son kayan kiɗa biyu. Daga jiki ɗaya nake so su fito." Ya ja numfashi, ya lalubi alƙalami a aljihu. "To tunda ba ya yiwuwa, kawo takardar in soke."

Darmaji bai ba shi takardar ba.

"Akwai hanya, Pak. Sai dai ni kaɗai ba zan iya ba. Aron yatsa nake nema."

Ya jawo kujera ya zauna ta yadda tsohon yake hagunsa, ya ɗora biyola a kafaɗa, ya nuna masa wurin, can ƙarshen baƙin katako. Pak Wiryono ya dubi hannunsa na dama kamar baƙon da ya daɗe bai gani ba. Ya miƙa manuni. Yatsan yana taɓa tsirkiya ya yi abin da ya shekara hamsin yana yi, ya tsinke ta, tang.

"Dannawa za a yi, Pak, ba tsinka ba."

"Kada ka koya mini."

Ya danna. Tsirkiyar ta kwanta ƙarƙashin kantar nan ba gardama. Darmaji ya ja baka, sautin biyu suka tashi suka cika barandar. Yana jin yatsan tsohon yana ɗan rawa, kuma ba rawar ciwo ba ce. Katakon ne yake kaɗawa yana shiga masa ƙashi, abin da shekara biyu bai ji ba.

"A bugu na takwas sai ka ɗaga, Pak, don ina bukatar tsirkiyar nan take. In ka makara..."

"Ni zan makara? Ni da na riƙe muku bugu tun kana shan nono? Sake."

Suka sake. A daidai bugu na takwas yatsan ya tashi, waƙar ta gangaro a kan tsirkiyar kamar ba a taɓa danne ta ba. Tsohon bai ce ba laifi ba, bai ce komai ba, sai "sake." Sau goma sha ɗaya suka yi, har suka ji ƙarar ƙofa, Darmaji ya cusa biyola cikin akwati, su biyun suka shiga yabon kurciya da ƙarfi. Bu Sumirah ta tsaya da kwandonta tana kallonsu, don ba ta taɓa ganin mijinta da surukinta sun yarda a kan abu ɗaya ba.

Ranar biki aka kafa rumfa ta rufe layin gaba ɗaya. Bayan azahar jama'a suka cika, ga tulin shinkafa rawaya a tsakiya an tsayar da shi kamar dutse, ga Wartini tana kai da komo tana ba da umarni kamar shugabar sojoji. Ango da amarya na shekara hamsin suna zaune a gaba, Bu Sumirah tana ta fifita. Da aka ce ƙungiya za ta yi sabuwar waƙa, sai aka ga Pak Wiryono ya dafa sanda ya miƙe. Mutum biyu suka taso za su riƙe shi, ya kore su da ido. Ya taka a hankali, yana jan ƙafar hagu, har inda makaɗa suke, ya zauna a kujerar da aka bari a hagun Darmaji. Jama'a suka fara ƙus-ƙus. Selo dai yana hannun wani, me tsoho zai kaɗa?

Ya miƙa yatsa ɗaya ya ɗora a kan biyolar surukinsa.

Kasmuri ya ɗaga sarewarsa sama da hannu biyu don kowa ya shaida ba ta kusa da bakinsa. Darmaji ya ja baka.

Ƙus-ƙus ya ɗauke. Na ƙasa da na sama suka tsaya tare a cikin rumfar, bugu ɗaya, biyu, uku. A na huɗu mafici ya tsaya a hannun Bu Sumirah. A na shida ta rufe baki da tafin hannu. A na takwas yatsan ya tashi, waƙar ta gangaro, jita da selo da sarewa suka shigo, kuma ta cikin kiɗan kowa ya ji muryar tsohuwa, don har yanzu muryar mawaƙiya ce.

"Kai ne ka ba ni sautin da ba daidai ba, Pak. Shekara hamsin ina rufa maka asiri."

Rumfa ta ɗauki dariya, waɗanda suka gane da waɗanda ba su gane ba. Ita ma dariyar take yi, hawaye suna bin kumatunta suna wanke hodar da aka ɓata safiya ana shafa mata. Tsohon yana zaune a cikin makaɗa, manuninsa yana buga gwiwa, bai kuskure bugu ko ɗaya ba har waƙar ta ƙare.

Bayan an tashi cin abinci, Darmaji ya durƙusa yana goge ƙaro daga biyola. Zuciyarsa fes. Ko an ce ba laifi yau, ya ishe shi.

"Darmaji."

Ya ci gaba da gogewa. Ya ji an kira sunan, amma muryar da ta kira ba ta taɓa kiransa ba, sai kunnensa ya ƙi haɗa su. Wartini da ke wucewa da faranti ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Da kai ake, Mas."

Ya ɗago. Tsohon yana kallon wani wuri dabam, yana murza manuninsa da babban yatsa.

"Darmaji, ranar Lahadi ka sa kujerata kusa da taka. Can wajen kurciya ba a jin komai. Kuma na fara rubuta wata."

Darmaji ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannu biyu.

"To, P..." Sai ya tsaya. Ya share ido da bayan hannu. "Sai na duba takardar tukuna, Pak."

Pak Wiryono ya yi dariya da rabin bakinsa mai motsi, har sandarsa ta zame ta faɗi. Darmaji ya ɗauko masa ita, ya kama shi ta hannun hagu, suka nufi wajen shinkafa tun Kasmuri bai cinye ba.